Kwana huɗu daga Ankara zuwa Axim, ni da maigida

Duk mai aiki a waje ya san yadda hutu ke ƙarewa. Ka tara kwanakinka shekara guda, ka sayi tikiti da tsada, kana sauka gaishe-gaishe su cinye su: ta'aziyyar da aka yi ba ka nan, barkar haihuwa, gidan gwaggo, gidan kawu, wanda ka tsallake kuwa ya riƙe ka har baɗi. Ga irina da ke aikin jinya a Ingila miji yana gida, abin ya fi ciwo. Shekararmu biyu da aure, amma kwanakin da muka yi a ɗaki ɗaya ba su cika wata uku ba. Sauran zaman duk a WhatsApp ne, ni na taso daga aikin dare ido ya yi ja, shi yana shirin buɗe shago.

Shi ya sa bana muka yanki kwana huɗu, muka ari motar yayansa, muka nufi yamma ta bakin teku. Da surukata ta ji, sai ta ce, "Wa ya rasu a can?" Ya ce, "Mma, babu wanda ya rasu, ruwa za mu gani." Ta ce, "Na nan Ankara bai ishe ku ba?" Ankara tamu ta Ghana take nufi, ba ta Turkiyya ba. Ta dai yi mana addu'a.

A Nima aka haife ni, na san titunan Manchester kamar tafin hannuna, amma ban taɓa wuce Kasoa ba. Shi ma haka. Mun zaɓi Lahadi bayan asuba saboda cunkoson Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya fito. Nan muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka hau babbar hanyar N1, wadda in ka bi ta har ƙarshe za ta kai ka Elubo, bakin iyakar Kwaddibuwa.

Hanyar nan ba ta wasa ba ce. Mafi yawanta hannu ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, kuma a gefenta akwai alluna da ke faɗin mutum nawa suka mutu a wurin. Wadda ta taɓa karɓar masu haɗari a ɗakin gaggawa ba ta karanta irin allon nan kamar sauran mutane. Da ya zo wuce wata tirela a kan kwana na ce, "Yallaɓai, ban taso daga Ingila don in kwanta a gadon asibiti ba." Ya yi shiru har Mankessim. Nan na gane mijina in ya ji haushi ba ya faɗa, rediyo yake ƙara wa murya, kuma in ya huce abinci yake fara nema. Shekara biyu ta waya ba ta nuna mini wannan ba. A Yamoransa ya tsaya ya sayo dokunun Fante, wanda ake naɗewa da busasshen ganyen ayaba, ba bawon masara irin namu na Ankara ba, ya ce, "Ran amarya ya daɗe, an yafe ni?" Ni da aka ɓata wa rai!

Teku ba ta fitowa sosai sai wajen Anomabo, inda hanya ke matsowa gaɓa, ga itatuwan kwakwa, ga kwale-kwalen masunta da aka yi wa fenti kala-kala. Cape Coast kusan kilomita 150 ce daga Ankara, don haka muka yi ƙasaru a zangon Kotokuraba. Sallama ɗaya muka yi da Hausa aka kawo mana buta da tabarma.

Gidajen bayi biyu muka shiga, na Cape Coast da na Elmina. Turawan Fotugal suka gina na Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi ƙasar. Waɗannan duk suna cikin littafin makaranta. Abin da littafi bai ba ni ba shi ne iskar kurkukun maza na Cape Coast: ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, 'yan ramuka can sama, sannan coci a bisa kansa. Ni da aikina shi ne ƙirga numfashi da lura da ruwan jiki, ina tsaye ina lissafin abin da gudawa za ta yi wa ɗaruruwan mutane a ɗaure a wuri irin wannan, babu wanka, babu masai.

Mai yi mana bayani ya ce da yawansu daga arewa aka koro su a ƙafa, ya ambaci Salaga, ya ambaci rafin Assin Manso inda ake musu wankan ƙarshe. Maigida ya kalle ni. Mu 'yan zango Salaga garin goro muka san ta, garin fatake da malamai, kakanni suna alfahari da ita. Amma kasuwar da aka sayar da goro ita ce aka sayar da mutane, kuma ba Bature ne kaɗai ya ci ribarta ba. Har yau in an zo neman aure a wasu gidajenmu sai an bi asali a raɗa, a ji ko "akwai igiya". Wanda ya tsaya a ɗakin nan minti goma, ban ga yadda zai sake yin wannan tambayar da sakakkiyar murya ba.

Da la'asar ɗin Litinin muka hau tudun St. Jago da ke kallon Elmina. Daga garin nan Holan ta ɗebi sojoji kusan 3,000 tsakanin 1831 da 1872 ta kai su tsibirin Java, waɗanda suka dawo suka zauna a unguwar da ake kira Java Hill. Muna zancensu ne ya yi tambayar da muka shekara biyu muna kewaye ta: "Ke za ki dawo, ko ni zan bi ki?" Yana da shagon kayan gyaran mota, yara uku suna koyon sana'a a hannunsa, ga Mma. In ya zo Ingila, ya san ɗaukar kwali a sito zai fara. Ni kuma albashina gida biyu yake riƙe. Ba mu warware ba. Mun dai tsayar cewa zai nemi bizar ziyara ya zo cikin hunturu, ya ga rana tana faɗuwa ƙarfe huɗu da idonsa, ni kuma zan ci gaba da sabunta lasisin aikina na Ghana.

Takoradi wucewa kawai muka yi, muka leƙa tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1928, muka bi ta cikin gonakin roba da na kwakwar manja har Axim. Ranar Talata muka isa, ranar da masuntan gaɓar nan ba sa shiga teku, suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Kifi ɗanye bai samu ba sai banda.

Masu shirin irin wannan tafiya daga waje, ku ji ta bakin ma'aikaciyar jinya. Igiyar ruwan gaɓar nan tana jan mutum ciki ko ya iya iyo, kada yaro ya wuce gwiwa. Kuma wanda ya shekara biyu ko uku a Turai jikinsa ya saki sabon da ya yi da zazzaɓin cizon sauro, ya karɓi maganin rigakafi kafin ya taso, ya ƙarasa shi bayan ya koma.

Mun so ƙarasawa Nzulezo, ƙauyen da aka gina bisa turaku a kan tafki, amma sai an shiga kwale-kwale, maigida kuma ya ce shi da ruwa kallo ne kawai tsakaninsu. Laraba da hantsi muka juya.