2.4 Tsawon Kariyar Allurar Rigakafin Ciwon Hanta Nau'in B

Wannan sashe zai dubi tsawon lokacin da allurar ke kare wanda aka yi wa ita. A shekarar 2004 ne allurar ta fara samuwa cikin rigakafin yara na yau da kullum a Nijeriya. Ana yin ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuwa a mako na 6 da na 10 da na 14.

Masana sun gano cewa sinadarin kariya da allurar ke haifarwa cikin jini yakan ragu da shekaru. Sai dai raguwarsa ba ta nufin kariya ta ƙare, domin garkuwar jiki ba ta mance ƙwayar cutar. Binciken da aka fara a Gambiya a 1986 ya nuna yaran da aka yi wa allurar sun girma da kariyarsu, haka kuma wanda aka bi diddiginsa shekara 30 a Alaska ta Amurka. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta buƙaci ƙarin allura ga mai lafiya da ya kammala ba. Masu wankin ƙoda dai akan ƙara musu.

Ke nan, a Turba da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, babbar matsalar ita ce samun allurar a kan kari. Mata da dama a gida suke haihuwa, ga rashin tsaro da ke hana zuwa asibiti. Jaririn da ya kamu daga uwarsa kuwa, kusan tara cikin goma cutar kan zauna musu har girma.