Layin Dawaki a Kasuwar Maigatari

Ranar Alhamis, kafin hantsi ya dubi ludayi, Maigatari ta cika ta batse. Garin yana masarautar Gumel a jihar Jigawa, dab da iyakar Nijar, don haka dabbobi da yawa daga ƙasar Damagaram ake koro su. Shanu da raƙuma su ne masu kasuwar, amma ni ƙafata ba ta tsayawa sai a turakun dawaki.

A nan ba a nuna takardar haihuwa. Asalin doki yana bakin dillali, shaidarsa kuma tana jikin dokin. Za ka ji ana cewa wannan ɗan Arewa ne, mai jure yunwa da doguwar tafiya. Wancan dogon mai gantsararren hanci jinin Sudan ne, irin na Dongola. Na tsakiyarsu ruwa biyu, uba ɗan Sudan, uwa 'yar gida. Kowane dillali kuma yana da dokin da zai rantse maka kakansa ɗan Asbin ne. Da duk rantsuwar nan gaskiya ce, da tuni Asbin ta ƙare.

Mai saye na gaske ba ya biye wa baki. Sai ya kama leɓen dokin ya buɗe, ya karanta shekarunsa a haƙora, domin duƙushi yana fara famfara ne wajen shekara 2 da rabi, ya kammala a shekara 5. Ya shafa gadon baya ko sirdi ya taɓa yi masa miki, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗora yaro ya zabure shi, a saurari numfashinsa idan ya dawo. Launi ma da kuɗinsa: kili, akawal, bikili, hurde, kowanne da masoyansa, musamman in Sallah ta gabato, masu hawa sun shigo daga Kano da Haɗeja.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne rabon goɗiya. Ita ke ɗaukar ciki wata 11, ita ke shayarwa, amma ba a hawanta a gaban sarki, kuma da wuya mai saye ya tambayi labarinta. Kowa "wane ne ubansa?" Alhali rabin jinin nata ne. Ko alfadari, da jaki ya haifa da goɗiya, ai ta wajen uwa yake tinƙaho.

Ana tayawa, ana "albarka", har mai doki ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. In ka je saye, Malam, tafi da wanda ya san haƙori, kuma ka tambayi uwar.