Manyan Tayoyi a Motar A-kori-kura: Ina Ƙarfin Injin Ya Tafi?

A Amurka, ɗaga motar a-kori-kura sama a sa mata ƙattan tayoyi tsohuwar al'ada ce. Tun cikin shekarun 1970 wani mai suna Bob Chandler a jihar Missouri ya riƙa ƙara wa Ford F-250 ɗinsa girman taya har ta zama motar nan da ake kira Bigfoot. Yau yayin ya bazu, har a titunan Kano da Abuja ana ganin Hilux da aka yi wa irin wannan aiki. Sai dai kukan masu motocin iri ɗaya ne ko'ina: mota ta yi kyan gani, amma ta yi nauyin tashi, tana nishi a hawa, ga shan mai kamar ba gobe.

Abin da mutum ya fi saurin zargi shi ne injin. Daga nan sai a shiga sayen sabuwar salansa, a canza matatar iska, a nemi mai kwamfuta ya taɓa ƙwaƙwalwar motar. Waɗannan suna ɗan ƙara ƙarfi, musamman a injin dizal mai turbo, amma ba nan ciwon yake ba. Injin bai rage komai ba. Lissafin da ke tsakaninsa da ƙasa ne ya canza.

A ɗauki motar da ta zo da taya mai tsayin inci 31, aka mayar da ita inci 35. Kowane juyi ɗaya na sabuwar tayar yana cin ƙasa fiye da na tsohuwar da kusan kashi 13 cikin 100, ƙarfin turin da ke isa ƙasa kuma ya ragu da kusan kashi 11. Kamar mai keke ne da ya tunkari tudu da babbar giya: ƙafarsa ba ta yi rauni ba, aikin ne ya ƙaru. Shi ya sa mota mai canza giya da kanta take ta kai-komo tsakanin giyoyi a kan hanya, man giyabos yana zafi, mai kuloci kuma kulocinsa yana saurin cinyewa. Maleji ma ya daina faɗin gaskiya. Idan allura ta nuna 100, motar tana gudun kilomita 113 ne a awa, direba bai sani ba.

Maganin yana cikin aksil, inda haƙoran ƙarfe biyu suke karɓar juyin farfela su miƙa wa tayoyi. Idan aka ce aksil 3.73 ne, ana nufin farfela tana juyawa sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya. Domin a dawo da mota yadda take, sai a ninka 3.73 da 35, a raba da 31, a sami kusan 4.21. A kasuwa abin da ke kusa shi ne 4.10 ko 4.30, wasu kuma sukan wuce zuwa 4.56 saboda nauyin tayar da kayan da suke ɗauka. Kamfanin Ford da kansa haka ya yi: F-150 Raptor da ke fitowa da taya inci 35 tana da aksil 4.10, alhali sauran F-150 sun fi zuwa da 3.31, 3.55 ko 3.73. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole a canza na gaba da na baya su zama daidai, in ba haka ba ranar da aka sa ta a ja huɗu za su yi ta kokawa da juna har wani abu ya karye. Aikin ba na kowane bakanike ba ne, domin haƙoran da ba a daidaita zamansu ba kuka suke fara yi, sannan su cinye.

Sai burki, wanda a ganina ya kamata ya zo kafin duk wani zancen ƙarin gudu. Babbar taya ta fi nauyi, kuma tsayinta yana rage tasirin kamun burki, don haka mota tana buƙatar ƙarin tazara kafin ta tsaya. Ɗaga bodi kuma yana hawar da nauyin mota sama, abin da ke sa ta saurin kifewa a kwana ko lokacin kauce wa rami da gudu. Boris da sandunan sitiyari suna saurin lalacewa, fitilun gaba kuma in ba a sake saita su ba idon mai tahowa suke haska.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba: ɗagawar ba ta ɗaga tulun aksil na baya ko kaɗan. Taya ce kawai ke ɗaga shi, kuma daga inci 31 zuwa 35 ribar inci 2 ce tak. Kamfanin Arctic Trucks na ƙasar Iceland, wanda Hilux ɗinsa masu taya inci 38 suka ratsa ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya a shirin Top Gear na 2007, ya fi faɗaɗa mazaunin taya a jikin bodi maimakon cilla mota sama.

Duk wanda zai sa wa a-kori-kurarsa manyan tayoyi, ya tambayi kuɗin haƙoran aksil da na burki tun kafin ya biya kuɗin tayar. Idan aljihu bai kai ba, taya inci 32 ko 33 ta ishi yawancin hanyoyin karkararmu, ko da damina.