Gyaran Ƙafar Bayan Tsofaffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Daga 1964, shekarar da Pontiac GTO da Ford Mustang suka shigo kasuwa, zuwa farkon shekarun 1970, kamfanonin Detroit sun yi ta rige-rigen cusa manyan injunan V8 a cikin motoci matsakaita. Su ne motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji: Chevelle, Camaro, Firebird, Charger, Barracuda da 'yan uwansu. A kan inji kuɗin ya ƙare. Ƙafar baya kuwa, yawanci ta motar zuwa cefane aka ɗauko aka ɗan ƙara mata kauri. Saboda haka yau akwai kasuwa sukutum ta kayan sauya wannan ƙafa, inda kamfanoni irin su Detroit Speed, RideTech, Heidts da Art Morrison ke ƙera ƙarafa suna baje kolinsu duk shekara a bikin SEMA na Las Vegas. Inda kuɗi ke yawo kuma ba a rasa jita-jita. Akasarin abin da ake yaɗawa ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Magana ce da ta dace da mota ɗaya ko aiki ɗaya, aka ɗauke ta aka yafa wa kowa.

Jita-jita ta farko ita ce wai duk motar wancan zamani sai an haɗe mata shasin gaba da na baya da dogayen ƙarafa kafin a taɓa komai. Ai ba a taru an zama ɗaya ba. Chevelle da GTO da Oldsmobile 442 na 1964 zuwa 1972 suna da cikakken shasi tun daga gaba har baya, bodi kuma a kansa aka ɗora, don haka babu abin da za a haɗe. Rauninsu daban ne: a yawancinsu ƙarfen gefen shasin a buɗe yake ta ciki, sai a motoci marasa rufi ne kamfani ya rufe shi ya zama akwati, kuma rufe shi ɗin ne gyaran da ya kamace su. Camaro da Firebird na 1967 zuwa 1969 kuwa rabin shasi ne a gabansu, an ɗaure shi da notina ta kan robobi, daga nan zuwa baya sai bodi kawai. Mustang da motocin Chrysler su ma bodin ne ke ɗauke da yawancin nauyi. A irin waɗannan, tsakanin ƙarafan gaba da na baya babu abin da ke riƙe mota sai faifan ƙasa da ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi da rufi. A nan maganar gaskiya ce, har ma ta fi yadda ake faɗa. Shi kansa kamfanin Chrysler ya san da haka, shi ya sa ya yi wa motocinsa marasa rufi da masu injin Hemi waldar ƙarin akwatunan ƙarfe a kusurwoyin ƙasa tun daga masana'anta.

Dalilin kuwa mai sauƙi ne. In bodi yana murɗewa a kwana, ya zama wani sifirin ke nan wanda babu shokozoba a jikinsa, kuma duk saitin da aka yi wa sabuwar ƙafa mai tsada sai ya tashi a banza. Masu cewa ƙarafan haɗi na ɗaurin noti da na walda duk ɗaya ne, su ma sun zarce. Na noti suna taimakawa, amma da tafiya ta yi tafiya hujin kan buɗe, ƙarfen ya fara wasa. Na walda sun fi, da sharaɗi biyu: faifan ƙasa ya zama tsatsa ba ta cinye shi ba, kuma a yi waldar mota tana tsaye daidai da nauyinta a kan tayoyinta. Wanda ya yi walda mota na rataye a karkace a kan jak, ya daskarar da karkatar ke nan, gobe ƙofa ta ƙi rufuwa.

Jita-jitar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta sifirin mai falle-falle, irin wanda kowa ya sani a ƙarƙashin Hilux. Wai kayan keken doki ne, duk motar da ke kansa ba za ta taɓa riƙe titi ba, kuma tsalle-tsallen tayar baya ba shi da magani sai an cire shi baki ɗaya. Matsalar da ake nufi tana nan, ba ƙirƙira ba ce. Idan direba ya taka totur da ƙarfi, tayoyi na juyawa gaba, kwanson aksul shi kuma yana ƙoƙarin juyawa baya. Sifirin ne kaɗai ke hana shi, sai ya lanƙwashe ya yi siffar harafin S, taya ta suɓuce, sifirin ya fizge ya koma, taya ta sake kama ƙasa, a sake daga farko. Cikin daƙiƙa ɗaya wannan kan faru sau da yawa, bayan mota ya riƙa buga ƙasa, kuma ta haka ake karya aksul da farfela. Camaro ta 1967, mai sifirin falle ɗaya tal, ta yi ƙaurin suna a kan haka.

To amma a duba yadda aka magance shi tun a lokacin. A 1968 Chevrolet ya raba shokozoba, ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa, ya kuma sa sifirin mai falle da yawa a motoci masu manyan injuna. Carroll Shelby ya sa wa Mustang GT350 ta 1965 sandunan riƙe aksul. Injiniyoyin Chrysler sun fi kowa wayo a nan: ba su ɗora aksul a tsakiyar sifirin ba, sun matso da shi gaba, sai ɓangaren gaba ya zama gajere mai tauri yana aiki kamar sanda, na baya dogo mai laushi yana shanye gargada. Har yau sandunan CalTracs, waɗanda kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sauya ƙafa gaba ɗaya ba, suna ƙarƙashin motoci masu tsananin gudu a tseren miƙaƙƙen titi na mita 402. Batun kwana kuma tarihi ya riga ya ba da amsa. Camaron da Mark Donohue ya tuƙa wa Roger Penske ta ba Chevrolet kambin gasar Trans-Am a 1968 da 1969, Mustang Boss 302 ta Parnelli Jones ta karɓe wa Ford a 1970, kuma dukkansu a kan sifirin mai falle-falle suke. Abin da ke gaskiya shi ne an ɗora wa wannan sifirin aiki uku, ɗaukar nauyi da hana aksul juyawa da hana shi gocewa gefe, don haka in ka taurara shi saboda ɗaya sai ka cuci sauran. Yana kuma cin wuri, yana hana sa faffaɗar taya. Waɗannan dalilai ne na gaske na sauya shi. Amma mutumin da ya cire sifirin da ya shekara 50 yana ɗauke da mota, da ruɓaɓɓun robobi da mataccen shokozoba, ya sa sabon kaya ya ce duniya ta canza, bai gwada tsari da tsari ba. Tsoho ya gwada da sabo.

Abin da ake maye gurbinsa da shi yawanci tsarin sanduna huɗu ne da sifirin mai naɗi, kuma ana tallarsa kamar fasahar jiya-jiyan nan. Chevelle da GTO da shi suka fito daga masana'anta a 1964: biyu a ƙasa a miƙe, biyu a sama a karkace don su hana aksul gocewa. Kuma su ma suna tsalle in robobinsu sun mutu. Sanduna huɗu ba suna ne na abu ɗaya ba. Na mai tseren miƙaƙƙen titi an jera su ne don su danna taya a ƙasa lokacin tashi, kuma idan aka shiga kwana da su sai su cije, domin ba a yi su don bodi ya kwanta gefe ba. Wanda ya sayo irin wannan don yawon gari ya sayi wahala da kuɗinsa. Haka batun bushin, wato robobin da ke bakin sandunan. Ana cewa gwargwadon taurinsa gwargwadon kyansa, sai mai Chevelle ya cire robobi takwas ɗin nan duka ya cusa masu tauri. Tsarin kuwa yana buƙatar sandunan su ɗan murɗa kafin aksul ya iya karkata. In aka hana su, ƙafa ta cije a tsakiyar kwana, bayan mota ya fizge ba sallama, ko kuma mazaunin sandar a jikin shasi ya tsage. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Maganin shi ne gaɓa mai juyawa ta kowane ɓangare aƙalla a baki ɗaya na sandar.

Akwai wata muhawara da ake ɓata yawu a kanta fiye da kima kan abin da zai hana aksul gocewa gefe, tsakanin sandar Panhard, mai sunan tsohon kamfanin motoci na Faransa, da tsarin Watt, wanda James Watt ya ƙirƙiro don injin tururi a 1784. An ce sandar Panhard tana jan aksul gefe duk lokacin da mota ta yi sama ko ƙasa. Haka ne, amma nawa? Sanda mai tsawon santimita 90 da aka kafa a kwance, in ƙafa ta motsa santimita 7.5, gocewar kusan milimita 3 ce. Direba a titi ba zai ji ta ba. Sai sandar ta zama gajera ko an kafa ta a karkace ne abin ke zama matsala. General Motors ya yi amfani da ita a Camaro daga 1982 har 2002, Ford kuma a Mustang daga 2005 zuwa 2014.

Sai kuma ƙafa mai 'yanci, wadda kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai. Masu tallarta suna cewa ta fi aksul guda a ko'ina. A titi mai gargada, ƙwarai kuwa: akwatin giyar baya yana jikin shasi maimakon ya riƙa hawa da sauka tare da taya, kuma ramin da tayar dama ta faɗa bai shafi ta hagu ba. Corvette ta koma wannan tsari tun 1963. Amma a shimfiɗaɗɗen titi tazarar kaɗan ce. Motocin babbar gasar NASCAR sun yi ta gudu a kan aksul guda har ƙarshen 2021, Mustang ta yau da kullum ba ta bar shi ba sai a 2015. A wajen tashi da ƙarfi ma labarin juyawa yake yi, domin an sha ganin masu Mustang Cobra ta 2003 da 2004 suna cire ƙafa mai 'yanci da kamfani ya sa suna mayar da aksul guda, saboda tsalle da karyewar sandunan taya. A tsohuwar mota kuwa, sa ta na nufin yanka da walda da kuɗi mai yawa.

Kalmar "ɗaurin noti kawai" da ke jikin kwalaye ita ma a karɓe ta da hattara. Ko da ba a yanka bodi ba, sau da yawa sai an yi waldar mazaunin sanduna a jikin aksul, an sake hanyar salansa, an duba tsawon farfela, wani lokaci har tankin mai sai an taɓa. Dole a daidaita kusurwar farfela ta gaba da ta baya, in ba haka ba mota ta riƙa karkarwa a kan gudu. Mafi haɗari shi ne ɗaura shokozoba mai sifirin a jikinsa a tsohon mazaunin shokozoba. Wancan wuri ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba, sifirin ne ke ɗauka a da. Ba tare da sabon ƙarfen giciye ba, wata rana shokozoban zai huda faifai ya leƙo cikin but.

Aksul ɗin Ford mai inci 9, wanda aka ƙera daga 1957 zuwa 1986, ya cancanci sunan da ya yi: yana da ƙarfi, ana zare cikinsa ta gaba a sauya giya cikin sauƙi. Sai dai ba wajibi ba ne. Yana cin ɗan ƙarfin inji fiye da na General Motors mai noti 12, kuma Dana 60 da ke ƙarƙashin wasu motocin Hemi bai gaza shi juriya ba. Laifin da ake ɗora wa mai noti 12 gaskiya ne, wato ɗan maƙalin da ke riƙe sandar taya a can ciki yake, in sandar ta karye taya na iya ficewa. Akwai kayan gyara wannan ba tare da an jefar da aksul ɗin ba.

Shin yanka mota yana kashe darajarta? Ya danganta da wace mota. Camaro ZL1 ta 1969 guda 69 kacal aka ƙera. An sayar da Hemi Cuda, wato Barracuda mai injin Hemi, ta 1971 marar rufi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle a 2014. Duk wanda ya kusantar da wutar walda ga irin waɗannan ya ƙona dukiya. Amma Camaro ta 1969 an ƙera sama da 240,000, Mustang ta 1966 sama da 600,000, kuma da yawansu ƙananan injuna ne a cikinsu. Irin waɗannan, in aikin ya yi kyau, sukan fi ta asali tsada a kasuwa, ko da yake da wuya mai ita ya mayar da duk abin da ya kashe.

Mai irin wannan mota da ke shirin buɗe aljihu, ya fara da duba tsatsa a faifan ƙasa da mazaunin sifirin, ya ƙarfafa bodi ko shasi gwargwadon ginin motarsa, ya sabunta robobi da sifirin da shokozoba, ya sa tayoyin zamani a madadin siraran nan masu inci 14 da ta fito da su. Ya tuƙa ta haka na ɗan lokaci. In har yanzu tana gaza masa a aikin da yake sa ta, a lokacin ne ya dace ya kira mai walda.