Hoton Ƙwaƙwalwa Da Cutar Mantuwa Mai Saurin Tsananta

Ya ku iyalai, idan wani dattijo a gidanku ya fara mantuwa, yana tangaɗi wajen tafiya, gaɓoɓinsa suna zabura, kuma abin ya tsananta cikin makonni kaɗan, kada ku ce tsufa ne. Mantuwar tsufa takan ɗauki shekaru kafin ta yi nisa. Wadda ta zo da sauri haka, a gaggauta kai mai ita asibiti.

Daga cikin cututtukan da ke kawo hakan akwai CJD, wadda aka raɗa wa sunan wasu likitocin Jamus biyu, Creutzfeldt da Jakob. Wani furotin na jiki da ake kira firayon ne yake lanƙwashewa ba daidai ba, ya riƙa ɓata 'yan'uwansa, har ƙwaƙwalwa ta yi ƙananan ramuka kamar soso. Takan kama mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara, galibi dattawa. Yawancinsu ba sa wuce shekara guda, kuma har yanzu ba ta da magani. Ba a ɗaukar ta ta hanyar jinya ko cin abinci tare.

Me hoto ke nunawa?

Sau da yawa hoton CT ba ya nuna komai. Amma a hoton MRI, likita kan ga haske kamar zare yana bin lanƙwasar saman ƙwaƙwalwa, da kuma haske a wasu sassa na can ciki masu kula da motsi. Nau'in da aka gano a Birtaniya a 1996, mai alaƙa da cin naman shanu masu cutar haukar shanu, haskensa yakan fito ne a bayan wani sashe mai suna talamus. Likita kan haɗa hoton da gwajin ruwan ƙashin baya kafin ya yanke hukunci.

Ke kuma mai juna biyu

Babban amfanin hoton shi ne gano cututtuka masu kama da CJD waɗanda ake warkewa daga gare su. Aman laulayi mai tsanani na iya ƙarar da bitamin B1 a jikinki, ya kawo ruɗewa, tangaɗi da rawar ido. Shi ma yakan nuna haske a talamus, amma allurar bitamin kan magance shi idan aka yi ta da wuri.

MRI da maganaɗisu yake aiki, ba da haskoki irin na hoton ƙashi ba. Duk da haka, ki shaida wa ma'aikata kina da ciki. Idan kuma amai ya hana ki ci da sha, kada ki jira ranar awo.