Kafin A Haƙa Harsashin Gini

Kowane fili yana da fuska biyu, ta rani da ta damina. Galibi da rani masu saye suke zuwa dubawa, lokacin da tudu da fadama duk suke a bushe. Sai an kashe kuɗi an ta da bango, sannan ruwan Agusta ya biyo tsohuwar hanyarsa.

Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini a Nijeriya. Amma mai hangen nesa yakan tuntuɓi hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, tun kafin a zana masa taswira. Nan zai ji ko filin yana kan magudanar ruwa, ko kuwa tsohon kududdufi ne da aka cike.

Filin kansa ma yana ba da shaida. Inda ciyawar kacala take tsirowa, ruwa yana kwanciya. Baƙar laka mai daddarewa da rani takan kumbura da damina, ta tsaga bango. Ruwan da gini ya tare kuwa yakan zama matattarar sauro, wanda ƙwansa kan zama sauro mai cizo cikin kwana 10 zuwa 14, zazzaɓi ya addabi unguwa.

Matambayi dai ba ya ɓata.