Baƙin Tabon da ke Bangon Kwantena

A Nima da Mamobi, teloli da masu aski da yawa a kwantena suke sana'a, wasu ma a ciki suke kwana. Da ruwan watan Yuni ya kankama, sai warin danshi ya tare ka tun daga ƙofa, ga baƙin tabo a gindin katakon da aka lulluɓe bango da shi. Funfuna ce. Katako ya yi kwana ɗaya ko biyu a jiƙe, ta samu wurin zama.

Ƙurarta ake shaƙa. Tana kawo atishawa da tari da ƙaiƙayin ido, tana tayar wa mai asma ciwonsa. Yara da tsofaffi sun fi jin jiki.

Yawancinmu fenti muke shafawa gab da Sallah. Asarar kuɗi ce, domin ɓarnar tana baya, tsakanin katako da ƙarfe. A fara neman inda ruwan ke shiga: tsatsar rufi, bakin taga, ko ramin ƙusa. Wani lokaci ba yoyo ba ne, zufar ƙarfe ce da dare saboda rashin iska.

A toshe, sannan kafinta ya danna katakon. Duk wanda ya yi laushi a ɓalle shi a zubar, wanki ba ya ceto shi. Sauran a goge da ruwan omo, a bar ƙofa buɗe har ya bushe ƙayau kafin a buga sabo. Mai aikin ya sa takunkumi da safar hannu. Mai asma kuwa ya tsaya waje.